Layi Ɗaya a Hiddensee

Jirgin ruwa ya sauke ni da hantsi,
jaka ɗaya, littafin zane,
gawayi uku a gwangwanin alewa.
Tsibirin nan bai san mota ba,
sai kekuna, sai doki mai jan amalanke,
sai iska mai barin gishiri a leɓe.

Bayan tudun rairayi na same su,
sun rataye tufafinsu a ƙahon kekuna
kamar mai cire takalmi a bakin ƙofa.
Ba mai kallon wani.
Wani dattijo na ɓare dafaffen ƙwai,
ya danne jaridarsa da dutse.
Ni kaɗai ke sanye da riga,
ni kaɗai kuma kunya ta tuɓe.

Kwana biyu ina zana kwale-kwale,
ina zana tsuntsaye a kan turaku,
hannuna ya ƙi juyawa wajen mutane.
Ran na uku inuwa ta rufe min takarda.
Ta ce sunanta Irmtraud,
shekara talatin tana yanka tikitin jirgi a Vitte.
Ta ce, "Kwale-kwalen nan an zana su har sun gaji.
Ga ni, in gawayinka ba matsoraci ba ne."

Ta zauna kan gungumen da teku ya amayo,
ta miƙe ƙafa ɗaya, ta ba rana kafaɗa.
Na rufe ido ɗaya, na auna da babban yatsa.
Ashe jiki ƙasa ce mai tudu da kwari:
kafaɗa gangare, gwiwa dunƙulen dutse,
fatar ciki ta ninku sau uku
kamar mayafin da ya sha wanki ya yi laushi.
Rairayi ya shiga tsakanin shafuka,
gawayi na ƙara duk inda ya taka.

A hagun ƙirjinta babu nono.
Tabo ne, dogo, fari,
ya taso daga hammata ya tsaya a tsakiya.
Da na iso wurin sai hannuna ya tsallake.
Na zuba inuwa, na murje da yatsa,
na ce wa raina ai ladabi ne.

Ta karɓi littafin, ta maƙala tabarau,
shi ne kaɗai abin da ta sa duk yinin.
Ta duba, ta ƙara dubawa.
"Wannan wace ce?
Ka ba ta hancina, ka ba ta kunnuwana,
amma ban san ta ba.
Asibitin Stralsund, tsakiyar hunturu,
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Da tsada na saye shi, yaro.
Mayar min da kayana."

Na fiƙe gawayi a jikin gungumen.
Layi ɗaya ne tak,
bai kai tsawon ɗan yatsa ba a takarda,
amma ban taɓa jan mai nauyinsa ba.
Da ya sauka, sai fuskar ma ta gyaru,
idanun da na zana tun ɗazu
yanzu suka fara kallona.

Mijinta Eckhard ya fito daga ruwa yana ɗiga,
ya leƙa ta kafaɗata.
"Yauwa, ita ce," in ji shi,
ya wuce neman tawul.
Suka gutsura min burodi da ƙyafaffen kifi.
Na yage shafin zan ba ta, ta ƙi.
"Ina da madubi a gida.
Tafi da ni, ban taɓa wuce Hamburg ba."

Kafin jirgin yamma ya busa
na ninke rigata a kan littafin,
na taka cikin teku har ƙugu.
Sanyi ya sare ni, na yi ƙara.
Ba wanda ya ɗaga kai
sai tsuntsu ɗaya, shi ma kifi yake nema.

Yanzu ina jirgin ƙasa, an doshi kudu.
Duk tashar da na buɗe jaka
rairayi na zubo min a cinya,
Irmtraud kuma na leƙen taga.